Muhawara: Ghulam Haider ne ya haifi waƙar fim ɗin Indiya da muka sani?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a wajen ɗaurin aure wani yaro ya ce mini waƙar fim ɗin Indiya daga kan Lata Mangeshkar ta fara. Abin ya tsaya mini a rai har na kwana da shi. Lata ma ai wani ne ya riƙe hannunta, kuma sunansa Master Ghulam Haider, mai tsara kiɗan waƙoƙin fim, mutumin Lahore, wanda aka haifa a 1908. Aikin likitan haƙori ya fara koya, kiɗa ya janye shi. Ga matsayata, kowa ya ji: da ba don shi ba, waƙoƙin da iyayenmu suka riƙa bin layi a sinimomin Kano don su ji, da ba su fito da wannan kama ba. Shi ne uban gidan.

Nura: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma wannan magana ta yi faɗi. Kafin duniya ta san shi akwai kamfanin New Theatres a Kalkata, akwai masu tsara kiɗa R.C. Boral da Pankaj Mullick, akwai mawaƙi K.L. Saigal. Dabarar nan ta a naɗi muryar mawaƙi daban, jarumi ya motsa baki a kai, a can aka fara ta a fim ɗin Dhoop Chhaon na 1935. A wajen wannan lokaci ne ma Ghulam Haider ya fara yi wa fim kiɗa. To wanda ya tarar da gida a gine, ta yaya zai zama uban gidan?

Malam Habibu: Nura, ban ce shi ya ƙirƙiro na'ura ba. Ka je ka saurari waƙoƙin Kalkata na wancan zamani. Suna da daɗi, ban musa ba, amma a zaune ake jin su, a hankali, kamar mai karatu da dare. Sannan ka buɗe Khazanchi na 1941, wanda Dalsukh Pancholi ya shirya a Lahore. Akwai waƙar da 'yan mata ke tafe a kan kekuna, muryar Shamshad Begum a sama, dolak na bugawa a ƙasa. Dolak ganga ce mai baki biyu da ake kaɗawa da hannu, wadda matan Punjab ke zagayewa da ita a gidan biki. Shi ya ɗauko ta daga tsakar gida ya sa ta a gaban waƙar fim. Daga nan masu shirya fim a Bombay suka gane cewa waƙa kaɗai tana iya cika sinima.

Hajiya Talatu: Ni nan na tsaya da Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo yake yi, kuma yana da tsofaffin faifan garmaho a cikin wani akwatin ƙarfe, kowanne a naɗe da tsumma. In ya sa na Saigal, mu yara sai mu fice waje. In ya sa mai ganga, kafin a kai rabi yayata ta jawo ƙwarya ta kife tana bin kiɗan da yatsu. Ba mu san Indiyanci ba ko kalma ɗaya. Sai da na girma na gane gangar ce ke kiran mu. Duk wanda ya fara sa wannan ganga a gaba, ya yi wa kunnen Bahaushe aiki bai sani ba.

Nura: Hajiya, na yarda da batun ganga. Inda na ƙi shi ne da ake cewa shi ya “gano” mawaƙa uku, Noor Jehan da Shamshad da Lata. Noor Jehan tun tana ƙarama take waƙa a finafinan Punjabi a Kalkata, kafin ta dawo Lahore. Lata kuwa Master Vinayak ne ya ɗauke ta bayan rasuwar mahaifinta a 1942, ta yi finafinan Marathi, har ta rera a fim ɗin Hindi kafin su haɗu. Waƙar da ta ɗaga ta sama kuma ta fim ɗin Mahal ce, 1949, kuma Khemchand Prakash ne ya tsara ta.

Yaya Binta: Ƙanena, gano mutum daban, tsaya masa daban. Bari in ba ka yadda aka yi. Ana shirin fim ɗin Shaheed a kamfanin Filmistan, Ghulam Haider ya kawo Lata gaban mai shiryawa, S. Mukherjee. Mutumin ya saurara ya ce muryar ta yi siriri da yawa. Ka tuna lokacin kunnuwa sun saba da muryoyi masu kauri irin na Shamshad da Zohrabai. Yarinya ce 'yar shekara 18 da ke ciyar da uwa da ƙanne huɗu. Wani zai ce mata Allah ya ba da sa'a, ya koma bakin aikinsa. Shi kuwa fita ya yi da ita. Ana ba da labarin cewa a tashar jirgin ƙasa ta Goregaon, suna jiran jirgi, ya riƙa ƙwanƙwasa gwangwanin sigarinsa yana koya mata amo, tana maimaitawa. Ya kai ta kamfanin Bombay Talkies, ya sa ta rera waƙa a fim ɗin Majboor na 1948. Ita da bakinta ta riƙa kiran sa ubangidanta har ta tsufa. In mai abu ta faɗi haka, mu su wa?

Nura: Yaya, ladabi ne irin nata, ta yabi mutane da yawa. Kuma irin wannan murya ko ba shi ba wani zai ji ta.

Yaya Binta: Wani ɗin ai ya ji ta, Mukherjee, kuma ka ga abin da ya ce.

Baba Audu: Yara, ku bar ni in sa baki. Kun tattara a kan Lata saboda ita muka fi sani a nan, kun bar asalin aikin mutumin. Finafinan harshen Punjabi ne tushensa. Gul Bakawli na 1939, inda Noor Jehan tana yarinya ta rera masa waƙar da ta zagaye Punjab. Yamla Jat na 1940, fim ɗin da Pran ya fara fitowa, Pran ɗin nan da muka sani da mugunta a fim. Sai Khandan na 1942, wanda shi na Hindi ne, inda Noor Jehan ta fara fitowa a matsayin jaruma. Nura ya yi gaskiya, ta yi waƙa kafin nan. Amma Noor Jehan ɗin da Bombay ta aika aka ɗauko, ta Khandan ce. Shamshad kuwa babu gardama, a kamfanin faifai na Jenophone da ke Lahore ya saurare ta tana ƙarama ya ɗauke ta. Ko matarsa, Umrao Zia Begum, mawaƙiya ce.

Nura: Baba, to na janye a kan Shamshad, na rage a kan Noor Jehan. Amma kalmar “uba” har yanzu ban karɓa ba. Anil Biswas ya yi waƙoƙin Kismet a 1943, Naushad ya yi na Rattan a 1944 da kiɗan ƙauyukan arewacin Indiya. Guguwa ce da mutane da yawa suka tayar.

Malam Habibu: Duba shekarun da ka kawo da kanka. 1943 da 1944. Khazanchi 1941. Wa ya riga?

Nura: Riga shiga kasuwa ba shi ne mallakar kasuwa ba, Malam.

Hajiya Talatu: Ni abin da ke ci mini rai shi ne ƙarshensa. Ya je Bombay a 1944, ya yi wa Mehboob Khan kiɗan Humayun, ya yi Shaheed ɗin nan da Dilip Kumar, yana kan ganiyarsa. Sai aka raba ƙasa zuwa Indiya da Pakistan a 1947, ba a daɗe ba ya tattara ya koma Lahore, garin da masu kuɗin fim irin su Pancholi suka riga suka bari. Finafinan da ya yi a Pakistan, Beqarar da Akeli da Bheegi Palken, ba su yi kasuwa ba. Shekarun da Lata ke hawa, shi yana can yana fama da masana'antar da ke rarrafe. Ina ganin shi ya sa yaron da Malam ya haɗu da shi bai taɓa jin sunansa ba. Finafinan Bombay aka riƙa kawo mana, na Lahore ba su iso ba.

Baba Audu: Haka ne Hajiya. Amma kada a ce komawar kuskure ce, gida ya koma, kuma can ya sake haɗuwa da Noor Jehan a fim ɗin Gulnar. An sake shi a farkon Nuwamban 1953, shi kuma ya rasu ranar 9 ga watan, yana da shekara 45. Allah ya jiƙan musulmi.

Yaya Binta: Amin Baba.

Nura: Amin. Malam, ka turo mini waƙar kekunan nan. Zan saurare ta tare da ta Saigal a daren nan, gobe in dawo da amsata.

Malam Habibu: Na tura maka. Ka sa abin kunne, ka bar muryar tukuna, ka bi gangar.