Me za mu kira “bayosikiyuriti” da Hausa?

Jama'a, masu kiwon kaji da likitocin dabbobi na Kaduna, ku taya ni. Mun riga mun daidaita a kan “murar tsuntsaye”, kowa ya gane ta. Amma kalmar da likita ke maimaitawa duk sanda cutar ta ɓulla, wato bayosikiyuriti (matakan hana cuta shiga gonar kaji ko yaɗuwa daga gare ta), har yau ba ta da sunan gida.

Mu ya fi kamata mu raɗa mata suna. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, karo na farko ke nan a kaji a duk Afirka. Dubban kaji suka mutu, aka kashe sauran aka binne.

“Tsaron gona” bai yi ba, manomi zai ɗauka maigadi da kare ake nufi. “Kariyar halittu” kuwa fassarar takarda ce. Je ka faɗa wa mai sayar da kaji a Kasuwar Kawo ranar Talata, ka ga ko zai ɗago kai. “Riga-kafi” ya fi kusa, sai dai kunnen Bahaushe allura yake ji.

Ni na tsaya a kan “shingen cuta”.

Dubi abin da ake yi a aikace: ruwan magani a bakin ɗakin kaji da za ka tsoma takalmi kafin ka shiga, feshin tayoyin motar da ta kawo abinci, raga don kada tsuntsun daji ya sauka kan mazubin ruwa, keɓe sababbin kaji kafin a haɗa su da na gida. Uwa uba kwalin ƙwai, wanda ke yawo daga wannan gona zuwa waccan da busasshen kashi a jikinsa, ba mai kallonsa. Duk tare hanya ne.

Abin da ya ƙara ja ni, kalmar tana kaiwa har bakin iyaka. Idan gwamnati ta hana shigo da kaji, 'yan tsaki ko ƙwan ƙyanƙyasa daga ƙasar da cutar ta ɓarke, sai mu ce ta kafa shingen cuta. Mai fasa-ƙwaurin kaji ta ɓarauniyar hanya kuma ya keta shinge, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Na san za a ce “katanga” ta fi ƙarfi. Amma katanga gina ta ake a manta, shinge kuwa kullum sai an duba inda ya ɓule, kuma haka aikin yake.

Malaman Sashen Hausa da likitocinmu na Zariya, idan akwai wadda ta fi wannan zama a baki, ku kawo ta.