Shari'ar Dred Scott: laifin alƙali ne ko na tsarin mulki?

Malam Sani: Ni fa ina nan kan bakana. Da Roger Taney, babban alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, ya yanke a 1857 a ƙarar Dred Scott, bawan da ya nemi 'yanci, cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasar Amurka ba, abin da ya tarar a kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya karanto. Kundin da ya lissafa kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujerun majalisa, ya kuma hana a soke shigo da bayi kafin 1808, me kuke so alƙali ya tsinta a ciki?

Barista Hadiza: Malam, da girman kujerarka, ka cakuɗa bawa da ɗa. Taney cewa ya yi har 'yantaccen baƙi ba ɗan ƙasa ba ne. A wannan shari'ar ce alƙali Benjamin Curtis ya tuna masa cewa lokacin kafa ƙasar, 'yantattun baƙaƙe na jefa ƙuri'a a jihohi biyar, har da Massachusetts da North Carolina. Mutum yana da ƙuri'a, sannan a ce ba da shi aka rubuta kundin ba?

Malam Sani: Bakwai da biyu aka tashi dai: alƙalai bakwai a ɓangaren Taney, biyu suka saɓa.

Barista Hadiza: Biyar daga cikin bakwan nan 'yan jihohin bayi ne, Malam.

Aminu: Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne batun ikon tarayya. Taney ya ce majalisa ba ta da hurumin hana bauta a sababbin yankuna, ya rushe yarjejeniyar Missouri ta 1820, wadda ta hana bauta a wasu daga cikin yankunan. Amma a 1859, da kotun Wisconsin ta bijire wa dokar kama bayin da suka tsere ta 1850, shi ɗin ne ya ce dole jiha ta bi tarayya. Kenan tarayya na da ƙarfin kamo bawa, ba ta da na hana bauta?

Malam Sani: Wannan na karɓa, Aminu. Amma in Curtis ke da gaskiya, me ya kawo gyara na 14 ga kundin a 1868, wanda ya mai da wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa?

Barista Hadiza: Don kada wani Taney ya sake samun kafa. Ko da gyaran ma, a 1884 kotu ta hana John Elk, ɗan ƙabilun asali na Amurka (waɗanda Turawa suka tarar a can), zama ɗan ƙasa. Sai a 1924 majalisa ta warware wannan.

Malam Sani: To shi kuma Elk, alƙalan ne suka karkace ko kundin? Ina jiran amsarki, Barista.