Maganin ciwon damuwa: ƙwaya ce ko magani?

Malam Auwalu: Assalamu alaikum. Akwai maganar da na daɗe ina faɗa a gefe, yau zan kawo ta gaban kowa. Magungunan nan da likitocin ƙwaƙwalwa suke ba masu ciwon damuwa, ƙwaya ce aka laƙaba mata sunan magani. Duk abin da mutum zai daina sha jikinsa ya rikice, ya kama jiri da amai da rashin barci har sai ya koma masa, ina bambancinsa da tiramol? Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, NDLEA kullum tana kama masu tiramol, shi kuwa wannan a takardar asibiti ake rubuta shi.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo abin da na sani a jikina. Na daɗe ina shan paroxetine, sai likita ya ce a mayar da ni sertraline saboda ƙiba da kasala sun yi mini yawa. A lokacin canjin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Idan na juya idona gefe sai in ji zit a cikin kaina kamar lantarki ya ja ni. Ina tsaye ina wanke-wanke sai ƙasa ta juya da ni, sai na dafa bango. Ga mugayen mafarkai, ga kuka ba dalili. Hajiyarmu ta ce aljanu ne, har mai ruƙiyya aka ɗauko. Duk da haka ban yarda da maganarka ba. Ban taɓa jin kwaɗayin maganin ba, bai taɓa bugar da ni ba, ban taɓa ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka rubuta mini ba. Sau da yawa ma mantawa nake yi, jirin ne yake tuna mini.

Malam Auwalu: To ai kin ƙarfafa ni, Anti. Jiki ya nema, kin ba shi.

Kabiru mai harhaɗa magunguna: Malam, abu biyu ka haɗa wuri ɗaya. Sabon jiki da magani daban, jarabar shaye-shaye daban. Ɗan tiramol yana neman maye, ya fara da ɗaya ya koma biyar, ya sayar da wayarsa ya saya, ya ga rayuwarsa tana lalacewa ya kasa bari. A kantinmu ba a taɓa zuwa mini da tsakar dare ana roƙon maganin damuwa irin fluoxetine don a bugu ba, domin ba ya bugarwa. Sabon jiki kuwa magunguna da yawa suna da shi. Mai hawan jini da yake shan propranolol, idan ya yanke shi rana ɗaya zuciyarsa za ta iya bugawa fiye da kima. Wanda ya daɗe a kan prednisolone, maganin kumburi da asma, yankewa kwatsam tana iya kai shi gadon asibiti. Za ka kira su 'yan ƙwaya?

Sagir: Yaya Kabiru, bayaninka daidai ne, amma ni a nan nake da ƙorafi. Da wannan bambancin aka daɗe ana rufe bakin marasa lafiya. Mutum ya ce yana wahala, a ce masa ai ba jaraba ba ce, shi ke nan an kashe magana. Shekara da shekaru ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, cewa take yi alamomin daina maganin masu sauƙi ne, cikin mako guda suke wucewa. Sai a 2019 ta gyara, ta ce a wurin wasu suna yin tsanani, suna kuma ɗaukar watanni. A shekarar ce ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ita ma ta canza matsayinta. A wani nazari da Davies da Read suka fitar a 2019, sun ce kusan kashi 56 cikin 100 na masu dainawa suna gamuwa da alamomin. Wa ya gaya wa Anti Rabi wannan kafin ta fara?

Anti Rabi: Babu wanda ya gaya mini, Sagir. Wannan kam gaskiyarka ce, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Dakta Nafisa: Sannunku. Anti, Allah ya ƙara lafiya. Sagir, haƙƙin mara lafiya ne a faɗa masa tun ranar farko cewa ba a yanke maganin nan kai tsaye, a nan ba ni da ja. Amma lissafin kashi 56 ɗin ya sha suka, domin wani ɓangare nasa daga tambayoyin intanet aka tattaro shi, waɗanda suka wahala kuwa su suka fi amsa irin waɗannan tambayoyi. A 2024 mujallar Lancet Psychiatry ta buga wani babban nazari da ya haɗa bincike masu yawa. Kusan kashi 31 na waɗanda suka daina magani sun ji alamomi, amma kashi 17 na waɗanda suka daina ƙwayar bogi, wadda ba ta da magani a ciki, su ma sun ce sun ji. Idan aka cire, abin da ya rage kusan mutum ɗaya ne cikin shida ko bakwai. Masu tsanani kuwa kusan kashi 3. Shi ma wannan an soke shi, an ce yawancin mutanen da ke ciki ba su daɗe a kan magani ba. Don haka wanda ya yi shekaru yana sha kamar Anti, ina ɗaukarsa a matsayin wanda zai fi wahala, ina kuma bi da shi a hankali.

Malam Auwalu: Likita, ko mutum ɗaya cikin bakwai ne ai ba kaɗan ba ne. Me zai hana a bar mutane da addu'a da haƙuri?

Dakta Nafisa: Addu'a ba ta hana neman magani, Malam, kai ma ka fi ni sani. Kuma ciwon kansa yana kisa. Na ga uwa mai jego da ta kasa ɗaukar jaririnta, ba ci ba wanka, tana cewa gara ta mutu, bayan 'yan makonni a kan magani ta dawo tana goyon ɗanta. Ba kowane mai damuwa ne yake buƙatar shan magani ba, mai sauƙi zaman tattaunawa da ƙwararre yakan wadatar. Amma idan ka sa wa maganin sunan ƙwaya a unguwa, wanda yake buƙatarsa zai jefar da shi a masai cikin dare don gudun gori, yankewar nan kuwa ita ce ainihin abin da yake jawo wahalar da kake magana a kai.

Kabiru mai harhaɗa magunguna: Kuma magungunan ba ɗaya ba ne. Venlafaxine cikin 'yan awanni rabinsa yake barin jini, paroxetine kamar yini guda, shi ya sa su biyun suka fi ba da wahala. Fluoxetine kuwa makonni yake yi kafin ya gama fita, yana rage kansa da kansa, har wani lokaci likita yakan mayar da mutum kan fluoxetine ɗin don ya samu sauƙin dainawa.

Sagir: To Dakta, yaya mutum zai gane ciwon ne ya dawo ko janye maganin ne? Domin nan ma ana cutuwa. Ka daina, ka rikice, a ce ka gani, ba ka warke ba, koma ka ci gaba har abada.

Dakta Nafisa: Alamomin janyewa cikin 'yan kwanaki suke zuwa bayan an rage ko an daina, kuma suna zuwa da abin da mutum bai taɓa ji ba a ciwonsa na asali: jiri, tashin zuciya, zufa, jan lantarkin nan da Anti ta faɗa. Idan aka mayar da maganin, sukan lafa cikin kwana kaɗan. Dawowar ciwo kuwa a hankali take shigowa, bayan makonni ko watanni, da kamanninta na da. Amma kada mu raina ta. A gwajin da aka yi a Ingila, aka buga a 2021, an bi mutum 478 da suka daɗe a kan magani suna jin sun samu lafiya. Cikin shekara ɗaya, ciwon ya dawo wa kashi 56 na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Ka ga akwai masu dainawa su zauna lafiya, akwai kuma haɗari na gaske.

Malam Auwalu: Kun ba ni hujjoji, na ji. Na yarda ba ya bugarwa. Amma abin da sai da dabara ake rabuwa da shi, ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Maman Ummi: Ni tambaya gare ni, Dakta. Ƙanwata tana shan sertraline, kuɗinsa ya yi tsada, sai mai kemis ɗin layinsu ya ce ta koma amitriptyline, ya fi araha, duk aikinsu ɗaya. Tana kuma shan tiramol wani lokaci saboda ciwon baya.

Dakta Nafisa: Maman Ummi, ki kira ta yau ɗin nan. Tiramol da sertraline duka suna ɗaga sinadarin serotonin, haɗa su yana iya jawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa, har da farfaɗiya. Amitriptyline magani ne na gaske kuma muna rubuta shi, amma ajinsa daban, yana taɓa bugun zuciya, kuma idan aka sha shi fiye da kima yana kisa. Canji ba aikin kan kanta ba ne. Wani maganin ana daina shi yau a fara sabon gobe, wani ana rage tsohon ana ƙara sabon a tare, wani kuma sai an bar tazara. Wanda ya bar fluoxetine zai shiga wani tsohon aji da ake kira MAOI, mako biyar cur ake jira. Ta koma wurin likitanta ta faɗa masa gaskiya cewa kuɗi ne matsalar, akwai hanya.

Game da ragewa kuma, ƙarshen ne ya fi wuya. Citalopram, wanda shi ma maganin damuwa ne, miligiram 20 ɗinsa yana toshe kusan kashi 80 na wuraren da yake aiki a ƙwaƙwalwa, miligiram 5 kuma har yanzu yana riƙe da kusan kashi 60. Kamar gishiri ne a miya, ɗan abin da aka fara zubawa shi ya fi canza ɗanɗano. Shi ya sa idan mutum ya zo ƙasa-ƙasa ake ƙara ƙanƙanta ragin, a bar makonni tsakani, idan jiki ya ƙi a koma matakin baya a huta.

Kabiru mai harhaɗa magunguna: A nan muke shan wahala, domin na ruwa da ake aunawa da sirinji ba kasafai ake samunsa a kantunanmu ba. Sai dai a raba ƙwaya biyu ko huɗu da abin yanka magani. Kafso mai sakin magani a hankali kuma ba a daka shi. Kuma don Allah a daina dabarar nan ta sha yau a tsallake gobe da paroxetine ko venlafaxine, hawa da sauka kawai take sa jini ya yi.

Anti Rabi: Wanda yake cikin halin nan ya gaya wa wani na kusa da shi a gida. Ni da na samu wadda take zama da ni lokacin da jirin ya taso, na ji sauƙi ƙwarai. Kada a hau babur ko a tuƙa mota a ranakun.

Dakta Nafisa: Idan kuma tunanin kashe kai ya zo, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya saboda wani irin ƙunci, ba a jiran ranar ganin likita. A tafi asibiti nan take. Akwai Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ko kuma babban asibiti mafi kusa.

Maman Ummi: Na kira ta, ta ce gobe da safe za ta je. Ta ce in tambaya, idan azumi ya zo ta ajiye maganin sai bayan Sallah?

Dakta Nafisa: A'a, kada ta ajiye. Sertraline sau ɗaya ake sha a yini, ta mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, ta tsaya a kan lokaci ɗaya kullum. Ta tuna wa likitan gobe ya zaɓar mata wanda ya fi dacewa da barcinta, ta kuma tafi masa da kwalin tiramol ɗin ya gani.