Wai Daurama allahiya ce? Muhawarar da ta hana 'yan group barci

Ɗan Kusugu: Jama'a yau an ɓata min rai wallahi. Na raka wata baƙuwa 'yar bautar ƙasa Bayarabiya ta ga rijiyar Kusugu, ina ta ba ta labarin Bayajida da macijin nan Sarki da yadda ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, kawai sai ta ce ai Daurama ɗin nan taku kamar Osun ce a wurinsu, wai su ma a Osogbo duk watan Agusta sai an yi mata biki a bakin kogi. Na ce baiwar Allah tsaya, Daurama sarauniya ce mutum kamar ni da ke, ba allahiya ba ce. Indiyawa suna da Durga da Kali da Lakshmi, Misirawan da suna da Isis, Girkawa har birninsu Atina sunan tasu ya ci, amma mu Daurawa ba mu taɓa bauta wa mace ba. Wanda ke da ja ya fito.

Malam Na Ƙofar Sauri: Kafin a je ko'ina ɗan'uwa ka goge kalmar nan allahiya. Sunan Allah ba ya da mace ba ya da jam'i. Ka ce gunkiya.

Ɗan Kusugu: Allah gafarta Malam ni fa kore ta na yi, cewa na yi BA ita ba ce.

Malam Na Ƙofar Sauri: Ko korewa ce ai ka rubuta. A Larabci ilah shi ne duk abin da aka bauta wa ko da ƙarya ne, macensa ilaha, wannan daban. Kuraishawa da sauran Larabawa sun yi Lata da Uzza da Manata, duk mata, ga su nan a Suratun Najmi aya ta 19 da 20, har aka tambaye su wato ku ke da ɗa namiji Shi kuma mace? Uzza a Nakhla take Khalid bin Walid ya rushe ta bayan an buɗe Makka shekara ta 8 bayan hijira, Lata kuma ta mutanen Ɗa'ifa ce. Gumaka ake ce musu a karatu.

Ticha: To Malam gunkiya ma ba ta zauna ba fa. Gunki abin da aka sassaƙa ne aka girke. Ita Inna ta 'yan bori wa ya taɓa ganin an sassaƙa ta? Wasu su ce Doguwa wasu su ce Uwargona, Maguzawa suna mata yanka don amfanin gona amma ba mutum-mutumi, iska ce. In ka ce gunkiya ka yi wa Hausa ƙarya.

Maman Walida: iska kuma? ai aljana ce kawai ku daina wahalar da mu. kakata ko sunanta ba ta kamawa in magariba ta yi

Ticha: Hajiya aljan daga Larabci muka aro, iskoki shi ne namu na asali.

Malam Na Ƙofar Sauri: Wato kalmar da ta zo a Alƙur'ani ce ba taku ba? Malam Ticha a riƙa tauna magana.

Ticha: Subhanallahi, ni asalin kalma nake faɗi ba aƙida ba, kar a ɗora min jakar tsaba.

Bakatsine: Ni duk ba wannan ba. Kai Ɗan Kusugu da kake cika baki ba ku bauta wa mace ba, to mi kuka yi wa macijin? Gari guda da sarauniya da dakaru an zauna maciji ya yanka maku ranar ɗibar ruwa har kuna ce mashi Sarki, sai da baƙo ya zo ya taimake ku. Kuma wace Juma'a ce tun kafin Musulunci ya iso?

Ɗan Kusugu: Tsoro daban bauta daban. Kuma ka iya bakinka, Daura ce uwa, Katsina a cikin jikokin Bayajida take, 'ya'yan Bawo. Don an ba ku hedkwatar jiha a 1987 ba shi ya sa kuka girme mu ba.

Bakatsine: Uwar da ke zuwa wurin ɗa karɓar albashi 😂

Maman Walida: ni dai abin da na gani duk kun tsallake shi ne mata sun mulki Daura tun daga Kufuru, su Yakumo su Gizirgizir su Innagari har zuwa Daurama, magajiya bayan magajiya, amma yau mace ta fito takarar kansila sai ku ce ba kunya gare ta ba

Bakatsine: Hajiya an fara kenan, kowace magana sai kin kai ta siyasa.

Maman Walida: Yaya ai gaskiya ce ba ka so

Na Dala: Ina ta karatu ban ce komai ba. Ku Daurawa da Katsinawa ku yi ta yi.

Bakatsine: Gara ka yi shiru, ku da kuka yi Tsumburbura a kan Dala, Barbushe na shiga yana fitowa yana ba ku labarin abin da zai faru. Ga mace nan an bauta wa a ƙasar Hausa, magana ta ƙare.

Na Dala: Wa ya ce maka mace ce? Kawo hujja.

Bakatsine: Sunan ma ai ka ji, a ƙarshensa akwai a.

Ticha: To Musa da Isa da Garba fa?

Malam Na Ƙofar Sauri: Har yanzu dai ba a goge kalmar ba, ina kallo.

Ɗan Kusugu: Malam lokacin gogewa ya wuce, WhatsApp ya hana.

Admin: To jama'a sha biyu ta gota, zan rufe sai da safe. A taƙaice abin da aka cimma, kowa ya yarda Daurama sarauniya ce ba abar bauta ba, kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa an bauta wa mace a Daura, in ma an yi a ƙasar Hausa to can wajen Kano ne. Batun maciji ba ya cikin maudu'i, wanda ya kawo shi neman fitina ya yi kuma wannan ne gargaɗi na biyu. Maganar kalma Malam ya fi mu sani. Daura ta Abdu tushen Hausa, ba don ni ɗan can ba ne na faɗa.

Na Dala: Admin yaushe aka yarda da wajen Kano? Ni ban

Admin ya rufe group, admin kaɗai ke iya tura saƙo.