Neman kalmar Hausa: me za mu kira "structured data" a aikin bidiyo?

Assalamu alaikum, malamai da ma'abota harshe. Duk wanda ya taɓa zama domin ya bayyana wa wani da Hausa yadda ake sa bidiyo ya fito fili a sakamakon injin bincike, ya san akwai kalmar da ke tare masa hanya, wato abin da Turawa ke kira structured data. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "tsararrun bayanai". Ni dai a ganina ba ta kai ba, kuma ina da wadda nake so a duba, amma kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san kamanninsa.

Mutum idan ya buɗe shafi mai bidiyo, kallo ɗaya zai yi ya gane take da hoto da tsawon lokaci. Manhajar da injin bincike ke turawa ta zagaya shafuka kuwa rubutun da ke ƙarƙashin shafin take karantawa, kuma sau da yawa sai ta yi kirdado kafin ta gane wane layi ne sunan bidiyon, wace rana ce ranar ɗora shi, wace ce kuma ranar da wani ya rubuta tsokaci a ƙasansa. Domin a rage wannan kirdadon ne Google da Bing da Yahoo suka haɗa kai a watan Yunin 2011 suka kafa Schema.org, Yandex, injin binciken ƙasar Rasha, ta shigo a watan Nuwamba na shekarar. Abin da suka yi shi ne amincewa da sunaye iri ɗaya ga kowane nau'in abu, yadda duk mai shafi a duniya zai rubuta bayaninsa a ƙarƙashin sunan da injinan suka riga suka sani.

Nau'in da ya shafi bidiyo sunansa VideoObject. A ƙa'idar Google abubuwa uku ne tilas: name, wato sunan bidiyon, da thumbnailUrl, adireshin ƙaramin hoton da ke wakiltarsa, da uploadDate, ranar da aka ɗora shi. Sauran, irin su taƙaitaccen bayani da tsawon lokaci da adireshin fayil ɗin kansa, mustahabbai ne. Kowanne kuma yana da sigar da ake rubuta shi. Bidiyo mai minti 4 da daƙiƙa 30 ana rubuta tsawonsa PT4M30S bisa ma'aunin ISO 8601, wato ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata da lokaci, rana kuma shekara ce ke fara zuwa, sai wata, sannan kwanan wata. Hanyar rubutun da Google ta fi so ita ce JSON-LD, wadda ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar a 2014, mai kallo kuma ba ya ganin ta sam. Idan aka ƙara wani nau'in mai suna Clip, aka ba kowane yanki na bidiyon suna da daƙiƙar da yake farawa, injin zai iya nuna wa mai bincike muhimman gaɓoɓi ya latsa ya faɗa daidai inda yake so, haka kuma BroadcastEvent ke sa a nuna cewa bidiyon kai tsaye ake watsa shi. Google ta faɗa ƙarara cewa yin wannan aiki ba alkawari ba ne na samun wadataccen sakamako, wato wanda ke fitowa da irin wannan ƙarin bayani a shafin bincike, kuma wanda ya rubuta abin da bai dace da bidiyonsa ba zai iya rasa damar baki ɗaya.

To a nan ne "tsararrun bayanai" ta gaza. Kalmar "tsari" ta riga ta ɗauki kaya fiye da ƙima, domin da ita muke faɗin tsarin mulki da tsarin shafi da tsarin aiki da tsarin rubutu. Marubucin da ya rubuta wa bidiyonsa sharhi mai kyau, mai gabatarwa da sakin layi da kammalawa, zai ce bayaninsa tsararre ne, kuma gaskiya ya faɗa, alhali kuwa bai yi ko kusa da abin da ake nufi ba. Kalmar da za ta bar mutum ya zaci ya gama aikin da bai fara ba, ba ta yi wa mai koyo adalci ba. Matsala ta biyu tana wajen kishiyarta. In dai wannan "tsararre" ne, to ɗayan ya zama "marar tsari", a kunnen Bahaushe kuwa wannan aibatawa ce. Bidiyo kansa, da murya, da hoto, duk suna cikin rukunin da Turawa ke kira unstructured, amma ba wanda zai yarda a ce wa shirin da aka ɓata watanni ana tacewa marar tsari.

"Shiryayyun bayanai" da "jerarrun bayanai" ba su fi ta ba. Ta farko tana iya nufin an tanade su, ta biyu kuma tana jingina abin ga jeri, alhali a JSON-LD ko an sa ranar ɗorawa a sama ko a ƙasa duk ɗaya ne, sunan da ke gaban bayanin shi ne abin dubawa. Aron kalmar "data" ma ba mafita ba ne, don a bakin jama'a ta riga ta zama abin da ake saya a waya a hau intanet.

Shawarata ita ce "bayanan gurbi". Duk wanda ya zauna a aji ya san tambayar "cike gurbi": wuri ne da aka ware, an san irin abin da zai shige shi, kuma in aka sa wani abu daban an faɗi. Haka uploadDate take, gurbi ce mai suna, rana kaɗai take karɓa, a sigar da aka yarda da ita. Da wannan kalma guda sauran maganar tana warwarewa da kanta. Za a ce VideoObject yana da gurabe uku na tilas, a ce Schema.org kundin gurabe ne, a ce manhajar da Google ta tanada don gwada irin wannan rubutu ta nuna an bar gurbin hoto fanko. Kalmar kuma ba ta tsaya a bidiyo ba, domin jadawalin da ke cikin rumbun adana bayanai shi ma gurabe ne masu suna a kan kowane layi.

Kishiyarta tana nan a hannunmu tun tuni. Masana adabin Hausa suna kiran rubutun da ba a ɗaure shi da ma'aunin waƙa ba "zube", kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan suna a matsayin raini. Saboda haka sai mu ce "bayanan zube" ga sharhi da murya da hoto, mu ce "bayanan gurbi" ga waɗanda aka zuba a guraben da injin ya sani. Mai koyarwa zai iya cewa: "Shafinka yana da bayanan zube masu kyau, amma ba ka sa wa bidiyon bayanan gurbi ba, shi ya sa injin bincike bai nuna tsawonsa ba." Ina ganin ko wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba zai kama bakin zaren.

Akwai hattara guda biyu. Kada a yi ƙoƙarin ƙera sifa daga kalmar a ce "gurbatattun bayanai", domin ƙugiyar harafi ɗaya ce tsakaninta da "gurɓatattun bayanai", masu rubutu a waya kuma da yawa ba sa sa ƙugiya, sai ma'anar ta juye ta koma lalatattu. Sannan sunayen guraben kansu, irin su name da duration, ba a fassara su a cikin rubutun shafi, don injin ba zai gane su ba. Abin da ake zubawa a ciki shi ne zai zo da Hausa, kuma Schema.org ta tanadi gurbin inLanguage inda za a rubuta ha, alamar harshenmu.

Na san za a ce "gurbi" tana tuna wa mutum wurin da babu kowa, kamar guraben aiki ko na karatu. Haka ne, sai dai gurbin da aka cike bai daina zama gurbi ba, kuma a kullum muna cewa wane ya maye gurbin wane. Inda nake neman taimakonku, malamai, shi ne sunan abin da ake zubawa a gurbin, wanda Turawa ke ce wa value. "Daraja" da "ƙima" sun kauce, don PT4M30S ba farashi ba ne kuma ba martaba ba ce. Na fi karkata ga "ciko", yadda za a ce kowane gurbi da cikonsa, amma kalmar tana da ma'anar ragowar kuɗi a wajen ciniki, kuma ina so in ji ko a kunnenku wannan ma'anar za ta rinjayi sabuwar.