In goge JavaScript in koma :has() a fom ɗin makaranta?

Ɗan Gyallesu: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata makarantar kuɗi a Tudun Wada ta ba ni aikin shafin rajistar ɗalibai. In uba ya danna akwatin “ina son motar makaranta”, sai gurbin rubuta unguwa ya fito. Da JavaScript, yaren da ke sa shafi aiki in an danna abu, na haɗa shi. Jiya na gwada :has(), wata dabarar CSS (yaren tsara fasalin shafi) mai zaɓar abu bisa abin da ke cikinsa: form:has(#mota:checked) .unguwa, layi ɗaya ya biya buƙata. Damuwata iyayen yaran, yawancinsu tsofaffin wayoyi ne a hannunsu, ƙila burauzarsu ba za ta gane :has() ba. In goge JavaScript ɗin ko in bar shi? Litinin zan miƙa aikin.

Na Kwangila: Wa alaikumus salam. Ka ɗora musu WordPress ka huta, malam.

Anti Mai Shafi: Ƙanina, :has() ya zauna a manyan burauzoji ai. Safari 15.4 ta kawo shi a Maris 2022, Chrome 105 a Agusta 2022, Firefox ce ta yi nawa sai 121 a Disamba 2023. Ni da shi nake sauya fasalin katin kaya in akwai hoto a ciki, .kati:has(img), da kuma body:has(dialog[open]) don hana shafi gangarawa in taga ta buɗe. Sai dai ka kula, in gurbin unguwar nan ka sa masa required (wato dole a cike shi), ɓoye shi da CSS ba ya cire masa wannan sharaɗi. Uba zai yi ta danna “aika” fom ya ƙi tafiya, kuma ba ya ganin dalili. Wannan ɗin sai JavaScript.

Baban Ummi PZ: Hmm. Ka tuno min da baƙin ciki. Wani Alhaji mai sayar da taki a Sabon Gari na yi wa shafin oda. Jadawalin farashi a ɓoye yake sai ka zaɓi irin buhun. A wayata lafiya, a tasa lafiya. Ranar biyan ciko ya ce a buɗe a kwamfutar ofis. Ashe Windows 7 ce a kai da Firefox 115, wadda ita ce ta ƙarshe da ke hawa kanta. Burauzar da ba ta gane :has() ba watsar da dokar take yi gaba ɗaya, ba gargaɗi ba komai. Muka yi ta dannawa, farashi ya ƙi fitowa. Na ce Alhaji a buɗe da Chrome, ya ce shi bai san wannan ba, aiki dai bai yi ba. A gaban yaransa ya ce min ɗan damfara. A daren na gyara. Dubu sittin ɗina har yau “ka dawo bayan kaka”. Kaka biyu ta wuce.

Na Kwangila: Da ka karɓi buhun taki biyu ka koma noma, oga.

Injiniya Samaru: Baban Ummi, gini aka yi a juye. A bar abu a bayyane, a ɓoye shi da form:not(:has(#mota:checked)) .unguwa. Tsohuwar burauza ta yar da dokar, gurbin ya tsaya a fili, ba wanda ya rasa komai. Ko a nannaɗe shi cikin @supports selector(:has(a)), mai fara duba ko burauza ta gane :has(). Wannan ko ɗan aji biyu a ABU ya sani.

Baban Ummi PZ: Kai da ko kwastoma ɗaya ba ka taɓa zama da shi ba? Ina haɗa shafi tun kana firamare. Karatu daban, kasuwa daban.

Injiniya Samaru: Yi haƙuri yaya, amma maganata ba ta da gyara.

Anti Mai Shafi: Gaskiyar yaron ce fa, ko da bakinsa ya yi kaifi.

Gwani Ƙofar Doka: Ni tambayata, nawa makarantar za ta biya? In bai kai dubu ɗari uku ba kada ka wahalar da kanka kan tsofaffin wayoyi.

Na Kwangila: Ɗari uku a Zariyan nan? Dubu tamanin na yi wa wata Islamiyya, har da sunan shafi na shekara.

Gwani Ƙofar Doka: Ku ne masu kashe mana kasuwa wallahi.

Ɗan Gyallesu: Ɗari da ashirin ne, an ba ni rabi. Amma jama'a, masu Opera Mini fa? Su nake tsoro.

Baban Ummi PZ: Rabi? To ka riƙe kalmar sirrin shafin har sai ciko ya shigo. Masu makarantu sun fi masu taki iya “sai an biya kuɗin zango”.

Gwani Ƙofar Doka: Ni wata shugabar makaranta ce ta ce ɗan yayarta zai yi mata kyauta. Bayan wata uku ta kira ni in gyara ɓarnarsa, wai a ragin zumunci.

Anti Mai Shafi: Shi ya sa ba na taɓa aiki sai an sa hannu a takarda. Wa ke da samfurin yarjejeniya da Hausa ya turo mana?