Taƙaitawa: tsohuwar taraktar fetur mai tari

Ga abin da na tsinta daga shawarwarin da mutane suka bayar kan taraktar ɗan'uwanmu na Ringim, wadda injinta ke tari yana kakkatsewa.

1. Kusan kowa ya ce a fara da mai. Fetur ɗin bumburutu yakan zo da ruwa, tsohon tanki kuma da tsatsa. A tsiyaye, a sauya filta.
2. A ciro filogi. In bakinsa ya yi baƙi, mai ya fi iska yawa, wataƙila ƙurar hunturu ta toshe matatar iska.
3. In sai injin ya yi zafi yake mutuwa, a zargi koyil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi.

A kan kafireto, inda mai da iska ke gauraya, aka rabu. Wasu sun ce a kwance a wanke, wasu sun ce a fara duba kwantak (abin da ke kunnawa da yanke wutar koyil) da taimin (saitin lokacin da filogi ke ba da wuta). Ni ma nan na karkata, domin kwance kafireto cikin ƙurar gona yakan ƙara ɓarna.